Haƙoran Sodangi a Tashar Ƙaura

Haƙoran roban da ke bakin ɗan kamashon nan ba su zauna daidai ba, kuma bai damu da ɓoyewa ba. Ina zaune a tashar Ƙaura ina jiran motar Shinkafi ta cika, shi kuwa yana ta kai da kawowa a gabana, dogo, da koɗaɗɗiyar hula. Direbobi na ce masa Sodangi.

Haƙora huɗu ne na sama, an maƙala su da waya a jikin nasa na gaskiya. Gefen hagu ya ɗage, don haka duk nauyin ya koma kan haƙori ɗaya na dama, kamar ƙofar da aka rataya a karkace, ƙusa guda na shan wahala. Ina jin wanda ya auna bakin nan sauri yake ya kama jirgi.

In zai ƙwala kiran "Shinkafi!" sai ya tokare su da babban yatsa tukuna. In ya yi dariya kuwa su zame, wayar ta fizgi haƙorin, ya runtse ido. Ga shi mutum mai son dariya. Ranar da haƙorin nan ya fita, sauran ba su da makama.

Wani direba ya ce, "Baba, kai su wurin maƙeri shi buga maka su mana."

Sodangi ya dafe baki, kafaɗunsa na rawa don dariya. "Kai, ja'iri! Haƙorin ga shi ɗai ya rage mai ƙarfi. Jama'a, don Allah kowa shi riƙe barkwancinai sai na cire su."