Akwatin da Ya Gagari Inna Husainatu

Shekara talatin da ɗoriya Inna Husainatu tana dillanci a Goronyo. Ta fara ne bayan rasuwar mijinta, da zannuwa uku da wata maƙwabciya ta ba ta ta sayar mata. Daga nan ƙafarta ta san kowane zaure a garin. Takan ɗora ƙullin kaya a ka, ta shiga nan ta fita can, mata na jiran ta, don ba kaya kaɗai take kawowa ba, har da labarin gari. Atamfa in ta murza ta shinshina, ta san ta gaske ce ko jabu. Ɗan kunne kuwa, goga shi take a wani ɗan baƙin dutse da ke bakin zanenta, ta faɗi kuɗinsa, kuma ko maƙeri ba ya musa mata. Har ta kai masu rabon gado kan aika a kira ta in an zo kan kayan mata.

Haka aka yi bara da kaka, bayan an kai gero rumbu. Hajiya Adama ta Taloka ta rasu, ta bar 'ya'ya mata biyu, Khadijatu da Mashkura, da ƙanenta Malam Shittu. Inna Husainatu ta hau kabu-kabu ta tafi. Kafin azahar ta gama da kwallaye da tasoshi da zannuwa. Sai Mashkura ta jawo wani ɗan akwati daga ƙarƙashin gado, nannaɗe cikin tsohon gyale.

Na katako ne, ja mai duhu, bai fi tafin hannu biyu ba. An zana furanni a murfin. Ciki akwai ɗan madubi da jan karan-miski da ya koɗe, da zobba biyu na azurfa. Inna ta juya shi, ta ga wani ɗan mabuɗi a gindi, ta murɗa don ta ga me yake buɗewa. Tana ɗaga murfin, sai kiɗa ya tashi, siriri, kamar ana taɓa ƙananan ƙararrawa.

Ta dire shi a tabarma, ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Mi ak cikin abin ga?"

Mata suka fashe da dariya, har da masu hawaye a ido. Malam Shittu daga bakin ƙofa ya ce, "Kwantar da hankalinki, Inna. Mijin Hajiya yak kawo mata shi daga Makka, shekarar da anka canza kuɗɗi zuwa naira. Ranar, duk Taloka sai da sunka zo saurare."

"To nawa za a sa mai?" in ji Khadijatu.

Inna Husainatu ta daɗe tana kallon akwatin. "Ɗiyata, ban san ba. Ku ba ni kwana uku."

Washegari ta kai shi wurin Mode mai gyaran agogo, a rumfarsa ta bakin kasuwa. Mode ya maƙala gilashinsa a ido, ya kwance gindin, ya nuna mata wata 'yar gangar ƙarfe mai ƙuraje, da wani abu kamar mataji da take kaɗawa in tana juyawa.

"Haƙora biyu sun karye, Inna. Shi ya sa shika tsallake wani wuri. Amma aikin hannu na, na da. Ba a yin irinai yanzu."

"Na ji. Nawa?"

"Ni gyara nas sani, ba ciniki ba."

Ya ɗiga masa mai, ya ƙi karɓar ko kwabo, sai dai ya sa ta murɗa sau uku yana gyaɗa kai.

A gida, jikarta Raihana, mai koyarwa a firamare, ta ɗauki hoton akwatin ta duba a waya. Ta ga masu kama da shi a ƙasashen waje, wani kuɗinsa bai kai na buhun gero ba, wani ya fi na saniya. Inna ta yi tsaki.

"Wayar ga taki ba ta san dillanci ba. Wa zai zo daga can shi saye a Taloka?"

Ta tambayi wani mai sayen tsofaffin kaya da ke zuwa daga Sakkwato ranar kasuwa. Ya yi tayi a raine, yana ta kushe madubin, amma ta lura bai ajiye akwatin ba har ta miƙa hannu. Ta ninka tayin nasa biyu a ranta.

Rana ta uku ta koma Taloka ta ce, "Zobba daban, na auna su. Akwati kau, tsakani da Allah, daidai shike da akuya mai ciki. In da wanda yaf fi ni sani, shi faɗi."

Kowa ya amince. Akwai kuwa akuya mai ciki cikin gadon. Khadijatu ta dubi ƙanwarta ta ce, "Ke Hajiya takan bari ki murɗa shi sanda muna yara. Ɗauki abinki, ki bar min akuya." Mashkura ta rungume akwatin.

Da Malam Shittu ya zo ba Inna la'adarta, ta karɓi ta kwallaye da zannuwa, ta ture ta akwatin. Ta ce a maimakon haka a murɗa mata shi, a yi shiru. Ta miƙa tsohuwar wayarta ga Mashkura, aka ɗauki kiɗan, har da wurin da yake tsallakewa da kukan wani zakara da bai ji gargaɗi ba.

Shi ne kiɗan wayarta har yau. In ta yi ƙara a tsakiyar ciniki, Inna Husainatu takan ɗaga yatsa, ta bari ya kai wurin zakaran, sannan ta amsa.