Ranar da Na Ja Sirdin Baba Baya

Ni mutum ne mai son a yi abu bi da bi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da aka koya mini sau ɗaya ina riƙe shi yadda aka jera mini. A haka na koyi ɗaura sirdin keke wajen wani tsohon mai gyara a Ƙanƙara, inda nake zaune da iyalina. Ana farawa da tsayi. Sannan a daidaita shi, kada hancinsa ya kalli sama ko ƙasa. Daga ƙarshe a zo kan gaba da baya, wanda yawancin mutane ba su damu da shi ba. Mai keke zai hau, ya ajiye feda biyu a kwance, a saki zare mai noti daga ƙoƙon gwiwarsa. In notin ya sauka a tsakiyar feda, sirdi ya zauna. In bai sauka ba, a sassauta, a zame sirdin a kan ƙarafa biyun da ke ƙarƙashinsa, a sake aunawa.

Mahaifina ya haura saba'in, yana zaune a ƙauyenmu gefen Mabai. Kekensa ne ƙafarsa. Da shi yake zuwa gona, da masallacin Juma'a, da kasuwar 'Yargoje, da gaisuwar mutuwa har ta wajen Faskari. Wata damina na je gida na tarar sirdinsa ya tsage, an naɗe shi da roba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka tura shi gaba har ƙarshen ƙarfen, kamar zai taɓa kan keken. Na ce a raina wannan aikin wani mai gyara ne da bai san ciwon aikinsa ba.

Mako na zagayowa na dawo da sabon sirdi da sifana da zarena. Da hantsi na kafa keken a ƙofar gida, na cire tsohon, na ɗora sabon.

"Baba, a ɗan hau in auna."

Yana zaune a tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba. "Mi za ka auna? Tela ka zama?"

"Gwiwa zan duba, don sirdin ya zauna daidai."

"Ka sa shi inda ka iske wancan."

"Inda na iske shi ba daidai ba ne, Baba."

"To, malamin keke," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Na ɗauka ya yarda. Tsayinmu ɗaya da shi, har rigunansa nakan sa, don haka na jingina keken da bango, na hau, na auna da gwiwata. Sau uku ina sauka ina sassautawa. Sai da na ja sirdin baya kusan faɗin yatsu huɗu kafin notin ya sauka inda ya kamata. Na ɗaure tam, na zaga gida sau ɗaya, na ji daɗin aikina.

Bayan azahar ya ɗaura fartanya a kariyar bayan keken, ya tattare riga, ya hau. Daga ƙofarmu hanya gangare ce zuwa wani ɗan kwazazzabo, inda ake karya kwana. Ina tsaye ina kallo, ina jiran in ga yadda zamansa ya gyaru.

Abin da na gani shi ne wannan. Hannunsa na hagu ya kama kan keken. Na dama ya miƙa, yatsun suka taɓa ƙarfen kan keken, suka zame. Ya sake miƙawa, suka sake zamewa. Daga nan hannun ya faɗi a cinyarsa ya kwanta kamar ba nasa ba. Keken ya ƙara gudu, ya karkace, ya bar hanya, ya afka cikin dangar kara ta maƙwabcinmu.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Yana kwance a gefensa, hula ta yi nata wuri, goshi ya ɗan ƙurje. Na kama hannun daman in ɗaga shi. Hannun da ya yi shekara hamsin yana huɗa, na ji shi a tafina sakwaf, bai riƙe ni ba.

"Baba, hannun nan mi ya same shi?"

"Ɗauko mani hulata tukuna."

Na ɗauko na sa masa. Ya dubi hanya hagu da dama, ya ga babu kowa.

"Daga gwiwar hannu ba ya miƙewa," ya ce a hankali. "In na matso kusa, ina ɗora shi bisa ƙarfen, yatsa biyu suna jan birki. Ni na tura sirdin da kaina. Kai kuma ka zo da zarenka."

Na tallafe shi ya tashi zaune.

"Kada ka gaya wa uwarka. Ka maida sirdin gaba, shi ke nan."

Na kai shi zaure, na shiga ciki neman ruwan wanke ciwon. Inna tana tankaɗe. Ta dubi fuskata sau ɗaya.

"Ya faɗi ko?"

Na ce ya faɗi.

"Tun bayan ƙaramar salla ni ke sa mashi riga," ta ce. "Ba ka lura ya daina cin tuwo a zaure ba? Ba ya iya yin loma da hannun. Ya ce in na faɗa maku za ku raba shi da keken."

Na zauna a kan turmi. A nan na tuna yadda watannin nan yake gaisawa da mutane, yana tallabe hannun dama da na hagu. Har na taɓa jin wani yana yabon tawali'unsa. Ni da nake ganin noti in ya kauce da rabin yatsa, na yi wata huɗu ina gaisawa da mahaifina ban gane ba.

Washegari na ɗauki hayar babur na kai shi asibiti a Ƙanƙara. Likita ya ce hawan jini ne, ya taɓa ɓarin jikinsa bai gama kama shi ba, kuma yana iya dawowa ba sallama. Ya rubuta magani, ya nuna mana yadda za a riƙa motsa hannun. Na tambaye shi batun keke a gaban Baba, don kada a ce ni na ƙirƙira. Ya ce a bar shi.

Da muka dawo Baba ya tsaya a gaban keken.

"Maida mani shi gaba."

"Ba zan maida ba, Baba."

Tunda aka haife ni ban taɓa ce masa haka ba. Na ɗauki sifana na kwance sirdin gaba ɗaya, har da sandarsa, na sa a buhu, na tafi da shi Ƙanƙara. Bai amsa sallamata ba.

Na yi kwana tara ban iya komawa ba. Ranar da na koma, na hango shi daga nesa a hanyar gona. Yana tafe a ƙasa yana tura keken, hannun hagu a kan ƙarfe, na dama a ɗore, fartanya a kariya. Ya jingina nauyinsa a jikin keken kamar yadda tsoho ke dogara sanda. Wani abokinsa mai kora shanu ya tsaya.

"Malam, yau kuma keken ne ke hawanka?"

"Sirdin yana wajen ɗana a Ƙanƙara," in ji Baba. "Aunawa yake yi. Ka san shi, ba ya gaggawa."

Abokin ya yi dariya ya wuce. Na ƙarasa na gaishe shi. Ya amsa, ya ce in riƙe masa keken zai gyara takalmi. Daga nan muka tafi gona tare, shi yana turawa, ni ina binsa a baya.