Wa Ke Yi wa Tsoho Wanka?

Zoua Hang ba ta iya zama ba. Ko a gidan makoki ka ba ta kujera, a bakin kujerar kawai take ɗosanawa, ƙafa ɗaya na kallon ƙofa. Mu 'yan ƙabilar Hmong da muka san ta tun sansanin gudun hijira a Thailand mun ce haka aka halicce ta. A goye ta haye kogin Mekong, ta girma a layin karɓar shinkafa, ta auri ɗan gidan Kue, jirgi ya sauke su a Wausau ta Amurka, garin da sanyinsa ke shiga har cikin haƙori. Da damina tana cirar ciyawa a gonakin Turawa, da hunturu tana ɗinki. Wata rana mijin ya kwanta lafiya lau bai tashi ba, kamar yadda ya faru da mazanmu da dama. Ya bar mata 'ya'ya uku da ubansa, tsoho Nhia Tou.

Tsohon nan ya yi yaƙi a duwatsun Laos, ya riƙe ƙauye, yanzu kuwa hankali ya gushe. In aka yi sake sai ya buɗe ƙofa ya fita cikin ƙanƙara ba takalmi, wai zai nemo bijiminsa. Fitsari ma ba ya riƙewa. A wajenmu matar ɗa ba ta taka ɗakin surukinta, balle ta taɓa jikinsa. Amma ɗan ya mutu, 'ya'yansa mata na gidajen aure a California, to wa zai yi? Zoua ta rufe ƙofa ta yi. Abin da ya cece su su biyun shi ne, da ruwan ɗumi ya taɓa bayansa sai ya ɗauka matarsa ce marigayiya, ya kira ta Chue. Ita kuma ta amsa.

Sai doka ta canza. Aka ce tallafin da ake ba iyali ba za a ƙara bayarwa ba sai uwa ta fita aiki kullum. In Zoua ta fita, tsoho zai mutu a bakin titi; in ta ƙi, yara za su sha ruwa su kwanta. Mafita guda ce: wadda ke jinyar mara lafiyar da ba a iya bari shi kaɗai, ana ɗauke mata. Ofishin tallafi ya ce zai aiko a gani da ido.

Duk tsofaffin layinmu mun gaya mata ta bar ɗakin da warinsa, ta bar tsoho yadda ya tashi. Ta ce to. Ranar kuwa, da ta tuna baƙuwa ce za ta shigo, hannunta ya ƙi jin magana. Ta yi masa wanka da aski, ta sa masa kwat ɗin sabuwar shekara, ta kwashe zannuwa ta kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta dafa kaza. Gidan ya fi na likita tsafta. Wauta ce, amma wace ce a cikinmu ba za ta yi ba?

Baƙuwar, Misis Dombrowski, mace ce mai jiki da gajiya a fuska. Tafintan da ta zo da shi, Cheng Kue, ɗan ƙanen tsohon ne, mai baki kamar rediyo. Zoua ta san halinsa. Duk abin da ya shiga kunnensa, kafin yamma dangin Kue na Minnesota sun ji.

Tsoho kuwa ganin baƙi ya farfaɗo da shi. Ya miƙe tsaf, ya yi jawabin maraba irin na masu gari, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Matar ta tambaya wa ke yi masa wanka.

"Baffa, wai tana tambaya ko kana iya wanka da kanka," in ji Cheng.

"Ce mata na yi wanka a kogunan da ubanta bai san sunansu ba."

Cheng ya yi dariya ya fassara rabi. Aka juyo kan Zoua, ko tana taimaka masa a banɗaki.

"Matar yaya, ke ake jira. Faɗi mana, ai ba baƙo a nan."

Zoua ta dubi ƙeyar tsoho da ta aske da hannunta, ta dubi bakin Cheng. Ta ce Baba yana da ƙarfinsa, abinci kawai take dafa masa. Ta ji maganar na fita, ta kasa kamo ta. Matar ta rubuta, ta rufe jakarta, ta ce a gaya mata ta shirya fara aiki a wajen tantance gwanjo.

Zoua ta shiga kicin ta fito, ta sake shiga. Ta ƙulle wa baƙuwar cinyar kaza a leda, ta kwance, ta sake ƙullewa. Tsoho ya kama hannun Cheng yana lissafa masa kakanni, kuma ɗan Kue ba ya janye hannu ana cikin kakanni. Matar ta kai bakin ƙofa tana sa takalmi. Zoua ba ta da Turancin da ya wuce na gaisuwa da sayen mai, don haka ta kama ta a hannun riga ta ja. Matar ta ɗan tirje, sannan ta bi ta zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Igiya ce daga bango zuwa bango, zannuwa a jere suna ɗiga, ledar katifa, bokitin da ba ta samu wankewa ba, wanduna irin na tsofaffi. Wari ya yi bayanin da Cheng ba zai iya ba. Zoua ta nuna sama, ta nuna ƙirjinta, ta yi alamar cuɗa baya. Sannan ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna wajen da muryar Cheng ke fitowa.

Misis Dombrowski ta daɗe tana kallon igiyar. Ta gyaɗa kai. A sama ta ce wa Cheng sai likita ya duba tsoho tukuna, ƙa'ida ce kawai, kuma ofis zai aiko da tafinta mace daga wani gari.

Aka ɗauke wa Zoua fita aiki. Ba hutu ta samu ba, gadin ƙofa ta samu, da zuwa sabunta takarda duk bayan 'yan watanni tana zufa a cikin sanyi. Amma tsoho Nhia Tou bai mutu a bakin titi ba. A gadonsa ya cika, a wanke, dangi suka cika gari ana buga ganga ana yabon yadda ya riƙe kansa har ƙarshe. Ba a gama mayar da tukwanen aro ba ofis ya aiko cewa uzurinta ya ƙare. Litinin ta ɗaura ɗankwali ta hau bas zuwa wajen tantance gwanjo.