Motar Surukina da Tagwayen Kuka

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina kafin a riga ni.

Mijin 'yata ya zo mana Kibiya da wata jar mota mai kujera biyu, gajeriya kamar kunkuru, ga gudu. Ni kuwa tambaya ɗaya ta hana ni sakat: shin za ta iya ratsa tsakanin tagwayen kukar nan na hanyar Tarai, waɗanda kakana ma ya ce a haka ya tarar da su?

Da yake na taɓa aji uku a firamare, ban yi abin da ka ba. Na auna faɗin motar da kamu, na je na auna tsakanin kukokin, har da rarar kamu biyu. Na nemi makulli a wajen mijin 'yar tawa. Kunyar surukuta ta hana shi musu, ya zauna gefena yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Muka shiga inuwa, na ɗaga kai ina kallon rassa kamar ban taɓa ganinsu ba. Sai ji muka yi ƙuuu! Cikin motar ya hau saiwa, tayoyi na juyawa a banza, surukina ya dafe kai.

Taubashiyata tana tsince ganyen kuka a gefe. Na leƙo na ce, "Hajiya, lissafina daidai yake, saiwar ce ban sani ba."

Ta ce, "Malam mai kamu, shekara sittin kana tuntuɓe da ita tana cire maka farce. Yau ne ba ka san ta ba?"