Allurar Autar Mai Ɗinki

Masu kawo mata ɗinki sun laƙaba mata suna Sai-na-gani, don ko yadi aka ce mata auduga ne, sai ta zaro zare ta ƙona ta shinshina. A ɗan shagonta mai keke biyu da teburin yanka ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, kuma ba ta taɓa yarda da magana don kawai an faɗa ba.

Wata rana autarta, 'yar shekara goma sha uku, ta dawo daga makaranta ta ce za a yi wa 'yan mata rigakafin sankarar bakin mahaifa.

"Mata kaɗai?" in ji uwar, ƙafarta na kan keke. "Su mazan ƙarfe ne?"

Maƙwabciyarta mai kitso ta shigo da waya, ta kunna mata muryar wani yana rantsuwa cewa allurar tana hana haihuwa.

"Wane ne shi?"

"An ce likita ne."

"Wa ya ce? Likitan da ba shi da suna?"

Washegari ta tsare ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa. Matar ta yi bayani sumul kamar hadda, wannan ma bai kwanta mata ba.

Abin da ya tsaya mata a rai yayarta ce, wadda ta daɗe tana zubar da jini har ta rasu, aka ce ciwon mata ne. Ta rufe shago ta tafi wurin goggonsu da ta yi jinyar.

"Goggo, me likita ya ce?"

"Wa'adi ne, 'yar nan."

"Na san wa'adi ne. Me ya ce?"

Tsohuwar ta jima tana murza bakin zanenta. "Ya ce daji ne a bakin mahaifa. Mun ji kunyar faɗa."

Ranar allurar ita ta raka yarinyar. Ta sa aka fasa kwalbar a gabanta, ta duba sirinjin sabo ne. Watanni bayan nan tana lura da al'adar yarinyar, tana tambaya har auta ta fara ɓuya a bayan labule.

Mai kitso ta tambaye ta ko ita ma ya kamata ta kai tata 'yar.

"Tawa dai lafiyarta ƙalau zuwa yau," ta ce. "Ki je ki yi tambayarki da kanki. Miƙo min almakashi."