Hoton Cikin Baba

Shekarar da ciwon cikin Baba ya tsananta, a saman buhunan gyaɗa muka hau mota daga Kabo zuwa Kano. Lokacin ina da 'ya'ya uku, ina kuma ji da kaina don na yi elemantare.

Likita ya tambaya ko an taɓa yi masa hoton ciki. Baba ya ce sau biyu, kowanne sai da aka ɗura masa wani farin kunu mai ɗanɗanon alli.

"Ina hotunan, Baba?"

"Na adana."

Likita ya ce a kawo su. Hasken na'urar nan, in ji shi, ba a watsa wa mutum kamar ruwan wanka, in ya yi yawa illa yake yi. In ya gwada tsofaffin biyu zai gane ko gyambon cikin yana girma. In babu su, dole a sake haska tsoho.

Sai da muka koma ƙauyenmu Gude Inna ta faɗa mini irin adanar. A gidanmu duk abin da ya rabu da jikin mutum binne shi ake yi, gashi ne ko farce ko cibiyar jariri. Baba ya duba ya ga hanjinsa ne a faifai, ya haƙa rami a bayan rumbu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce wannan ƙauyanci ne, kuma ya ji ni.

Na ɗauki fartanya. Gara ta cinye ambulan tas, amma ta ƙi hotunan. Ban ga laifinta ba.

Muka sake hawa gyaɗa. Tun kafin likita ya kwance tsumman da Inna ta naɗe hotunan a ciki, Baba ya juya fuska bango, ya ja babbar riga ya rufe cikinsa.

"Malam likita," ya ce, "kai aikinka ne. Amma ka sa wannan ya fita."

Ni ne wannan. Na fita ina jin kunyar kaina.

Ta ƙofa na ji likita yana cewa gyambon bai ƙaru ba, babu sabon hoto, a rage yaji da goro. Na tsaya a baranda riƙe da takalman Baba har ya fito, hotunan a ƙarƙashin rigarsa. Ban tambaye shi inda zai kai su ba.