Farar Rigar Kawu

Mun tashi daga Kano da asuba, mu uku a tsohuwar motata: ni, da fastonmu, da wani dattijon coci. Ta'aziyyar kawuna za mu je, a wani ƙauye gaba da Ɗanbatta. Kawu Bamaguje ne da ya karɓi Yesu da tsufansa, kuma ya rasu ba a yi masa baftisma ba. Abin da ya sa na tuƙa motar nan zuciyata a dagule ke nan.

A Dawanau muka tsaya karyawa. Ƙosai ya ƙanƙance, sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Ga buhunan gero jibge, ga mata suna tambayar kuɗin kwano suna wucewa hannu rabbana.

Muna barin nan gardama ta tashi. Fasto ya ce Allah ya zaɓi nasa tun kafin a kafa duniya, wanda ya zaɓa ba ya ɓata, da ruwa ko ba ruwa. Dattijo ya ce ai sai mutum ya amsa kira da ƙafarsa, ya cika umarni. Wannan ya jawo aya, wancan ya jawo tasa, ramukan hanya suna yi musu amin. A raina ina bayan Fasto, domin in komai nufin Allah ne, to na fita daga laifi.

A ƙauyen su Kawu ba a baftisma sai damina ta cika kududdufin bayan gari, kuma ba su da fasto. Ni na yi alkawarin kawo namu. Sau uku ina sa rana, sau uku ina ɗagawa, ina jiran farashin man mota ya sauko.

Daga Ɗanbatta muka bar kwalta, muka ratsa gonaki. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, gida na kallon gida. Maƙwabcin Kawu, wani musulmi da ya taya haƙa kabarin, shi ya tare mu ya kai mu wurin matar Kawu, wadda muke kira Inna.

Bayan gaisuwa ta kawo fura, ta dubi Fasto.

"Malam, abu ɗaya nake so in ji. Ya shiga, ko bai shiga ba?"

Abin kunya, nan ma suka ɗora daga inda suka tsaya, a gaban matar da ta kwana bakwai ba ta runtsa ba. Ta bar su suka gaji, sannan ta juyo kaina.

"Duk ranar da ka sa, sai ya wanke farar rigarsa da kansa, ya zauna bakin hanya har la'asar. A cikinta muka binne shi. Ɗan nan, nufin Allah ne ya hana ku zuwa, ko mai?"

Fasto ya tuna mata ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ya sami Firdausi ba tare da ruwa ya taɓa shi ba. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gode. Ni ba ta sake dubana ba.

Da za mu bar garin muka wuce ta kududdufin. Cike yake har yanzu, shanu na sha.

Mun iso Kano da magariba, ba wanda ya ƙara jawo aya. Wanda zai tsira da wanda ba zai tsira ba, na bar wa masu ilimi, ina kuma sa rai Ubangiji ya karɓi Kawu. Abin da na koyo ɗaya ne: man da na hana shi yana raye, shi na ƙona yau don in je in ga kabarinsa.